Silin Ɗakin Baya

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma da kwata na safe

Mace ce! 'Yata Auta ta haihu, mace, kilo uku ba kaɗan! Na zama kaka. Na rubuta shi sau biyu a bayan takardar magani tun a asibiti, ga na uku nan: na zama kaka. Shekara tara da auren Auta, shekara tara matata Tsohuwa tana ce wa mutane lokaci ne bai yi ba, har bakinta ya gaji. Yau lokaci ya yi.

Sai da aka yi mata aiki, amma likita ta ce ita da yarinyar lafiya lau. Mijinta, Kafinta, ya fito yana goge ido da hularsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, an samu." Na ce, "An samu me, kujera ko tebur? Buɗe baki ka faɗa!" Ma'aikatan jinya suka yi ta dariya.

Da aka miƙo mini ita, na karɓe ta da hannun da ya riƙe sitiyarin bas shekara talatin da huɗu. Ta wangale baki kamar ɗan tsuntsu mai jiran abinci. Na ce Tsuntsuwa. Tsohuwa ta ce wannan suna ne ko zagi? Ya dai zauna.

Likita ta hana Auta hawan bene har wata biyu, su kuwa ɗakinsu na haya a hawa na uku yake. Ke nan gidana za a kawo su. Ɗakin baya da nake ginawa da hannuna tun da na ajiye tuƙi, an rufa kwano, na yi filasta, na sa ƙofa da taga. Silin kaɗai ya rage. Kwana shida za su yi a asibiti. Kwana shida sun ishe ni.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kafinta ya kawo katako da fallayen silin a motar shagonsu, ya sauke a ƙofar gida, duk layi na kallo. Sai na ga ya sauko da jakar kayan aikinsa kuma.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Baba, kwana biyu na gama maka. Kai dai ka zauna kana nuna mini."

Na ɗauko littafina na aji na nuna masa zanen ɗakin. Ƙafa goma sha biyu, ƙafa goma sha huɗu, duk na rubuta. Ina da shekara hamsin da takwas na shiga ajin yamma, ban shiga don a riƙa karanta mini ma'auni ba. Na ce masa bango huɗu na ɗaga ba wanda ya riƙe mini igiya, kuma jikata a ƙarƙashin aikin kakanta za ta kwanta.

Sai ya ce, "To Baba, abu uku kawai. Ragar katakon da za ka liƙa silin a jiki, ka rataye ta da rafta, katakon da ke riƙe kwano, duk ƙafa biyu. Ƙusar maratayi daga gefe ake buga ta, in ka buga daga ƙasa nauyi zai zare ta. Fanka kuma a jikin rafta ake ɗaure ta, ba a jikin raga ba."

Na ce, "Na ji, malam. Tafi wurin matarka."

Ya mayar da jakarsa mota. Yaron kirki ne, amma ya cika koyarwa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Babba ya bugo waya daga garin da yake aiki. Bayan murna, sai ya ce, "Baba, ka tuna abin da likita ya faɗa kan hawan jininka. Kada in ji ka hau tsani." Ɗan fari ne, amma tun da ya fara ɗaukar albashi yake mini magana kamar shi ya haife ni.

Na ce, "Wane tsani? Ba ga kafinta a gida ba? Shi ke yi."

Tsohuwa tana shara, ta tsaya ta dube ni. Na ce mata don a zauna lafiya ne. Ina aiki ƙofa a rufe, kada wani ya kai masa rahoto.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wuyana kamar ba nawa ba. Ragar ta hau, na kafa ta jikin bango ta ko'ina, na auna da tiyon ruwa, daidai take.

Maratayan ne suka ba ni wuya. In za a buga daga gefe, sai mutum ya kutsa kansa can ƙarƙashin kwano, ga zafi kamar tanda, ga guduma ba ta samun wurin lilo. Na gwada ɗaya, na ga duhu-duhu, na sauko na sha ruwa. Daga kan tsani kuwa, in ka buga ta ƙasa, bugu uku ta shige. Na sa guda shida, da ƙusa mai inci huɗu. Na kama ragar da hannu biyu na girgiza, ko motsi. Ƙusa ƙusa ce, ba ta san gefe da ƙasa ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An gama! Na liƙa fallaye, na rufe haɗi, na shafa farin fenti hannu biyu. Fanka ma ta hau. Raftar ba ta faɗo tsakiyar ɗaki ba, ni kuwa a tsakiya nake son fankar, saitin gado, don iska ta wadaci Auta. Na ɗaure ƙugiyar a jikin raga.

Tsohuwa ta leƙo, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Sannu, Injiniya. Ashe asararka muka yi a mota."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sun iso. Auta ta kwanta a hankali, ta dubi sama ta ce, "Baba, kamar otal." Kafinta ma ya dubi sama, ya dubi fanka, ya buɗe baki zai yi magana, na miƙa masa 'yarsa.

Maƙwabta sun cika gida. Mai Shago ya shigo har ɗaki ya ce, "Kai, surukinka ya iya aiki! Dubi silin kamar takarda." Abin ya sosa mini rai, saura kaɗan in ce nawa ne. Na tuna Mai Shago yana da lambar Babba. Na yi dariya kawai.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tsuntsuwa ta kama yatsana ta ƙi saki. Ta yi mini fitsari a riga sau biyu, ban canja ba sai da Tsohuwa ta kore ni.

Na ga wata 'yar tsaga kusa da fanka, siririya kamar gashi. Da Auta ta shiga wanka na shafe ta da fenti.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Yarinya lafiya lau.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Yarinya lafiya lau. Likitoci biyu suka duba ta. Ko ƙwarzane babu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

An sallami Auta. Fanka ce ta faɗo da silin jiya, ƙashin kafaɗarta na dama ya karye. An ɗaure hannun a ƙirji, mako shida. Ɗinkin cikinta bai buɗe ba, likita ta ce a gode wa Allah.

Ba ta iya ɗaukar 'yarta. In za ta ba ta nono, Tsohuwa ce ke durƙusawa ta tallafe yarinyar, su biyu a kan abu ɗaya. Na ga haka sau ɗaya, ban sake wucewa ta falo a lokacin ba.

Sun koma ɗakinmu, ni na koma falo. Ɗakin baya na kulle shi. Makullin yana aljihuna.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Masu jaje tun safe. Kowa ya zo sai ya nemi a buɗe masa ɗakin ya gani. Na ce akwai ƙusoshi a ƙasa.

Mai Shago ya zauna a bencina na ƙofar gida, mutum biyar ko shida a wurin. Ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutum kafinta, a ce ɗakin matarsa da 'yarsa ne zai yi wa aikin ha'inci? To mu da ba danginsa ba fa?" Wani ya ce shi ya sa ba ya ba 'yan zamani aiki. Mai Shago ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Direba?"

Na ce, "Allah dai ya kiyaye gaba."

Abin da na ce ke nan. Na rubuta shi yadda na faɗe shi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Babba ya iso da jakarsa, ya ɗauki hutu. Ya ga hannun ƙanwarsa, ya fita tsakar gida ya yi ta kai da kawowa. Ana cikin haka Kafinta ya zo da ledar lemo da kayan jarirai, kamar yadda yake zuwa kullum bayan aiki.

Babba ya tare shi a ƙofa. Ba zan rubuta duka ba. Ya ce masa makashi. Ya ce katakon kirki ya kai wa masu biya, ruɓaɓɓe ya kawo wa matarsa. Ya ce ƙafarsa kada ta sake taka gidan nan. Layi ya cika, har mata sun leƙo ta taga.

Kafinta ya dube ni ta saman kafaɗar Babba, sau ɗaya. Ni ina duba igiyar shanya, wai ta yi sako-sako.

Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya tafi.

Auta ta ji komai daga ɗaki. Ta kira, "Yaya, ba haka ba ne," sai Tsohuwa ta ce mata ta kwanta, ba ita ce za ta faɗa ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yarinya lafiya lau. Ban ɗauke ta ba yau.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Tsohuwa ta kawo mini abinci a bayan gida, inda nake zama yanzu kusa da ragowar yashi. Ta ajiye kwano, ba ta tafi ba.

Ta ce, "Malam, makullin nan bai huda maka aljihu ba?"

Na ce ina jiran hankalin Babba ya kwanta.

Ta ce, "A kan wa zai kwanta? A kan ɗan mutane?" Na ce ta rage murya. Ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina rage murya. Ranar da ka tura bas cikin rami, da ƙafarka ka je ka gaya wa mai motar, kana ɗingishi. Wancan mutumin na aura. Wannan na bakin yashi ban san shi ba."

Ta ce ba za ta faɗa ba, ta kuma hana Auta faɗa, don in daga bakin wani Babba ya ji, ba zai sake kallona da ido ɗaya ba. Ta ce amma in sani ba za ta iya riƙe yarinyar nan har abada ba.

Ban ci abincin ba. Da ta dawo ɗaukar kwano ta ce, "Yunwa ba ta gyara silin, Injiniya."

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Auta ta aiko a kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa, ta ce in shigo, ba cizo take yi ba.

Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce tana kwance, yarinya na gefenta, fanka na juyawa, sai ta ji ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinke. Ta ce ba ta yi tunanin komai ba, jikinta ne ya kife a kan yarinyar da kansa. Ta ce, "Da na shiga wanka a lokacin, Baba..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba.

Ta ce, "Ban riƙe ka ba. Na san don iska ta same ni ka sa ta a nan."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sai ta ce, "Kwana huɗu bai ga 'yarsa ba. Shekara tara ya jira ta. Danginsa sun yi ta ba shi shawarwari a kaina, bai saurari kowa ba. Yaushe zai zo, Baba?"

Na ce, "Kwanan nan." Ta juya fuskarta bango.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ce zan je sayen maganin hawan jini, ƙafata ta kai ni layin masu katako.

Shagon shiru, ba ƙarar inji. Ya samu aikin silin na azuzuwa shida a wata makaranta, tun watan jiya yake murnarsa. Na tarar da katakon aikin a jingine, an yanka, an jera, ba inda za shi. Mai walda na kusa da shi ya ja ni gefe ya ce shugabar makarantar ta ji labari, ta ce ba za ta zaunar da 'ya'yan mutane a ƙarƙashin aikinsa ba. Wani mai gida ma ya janye. Mai walda ya ce, "Ni dai Baba na san aikin yaron nan shekara goma. Abin bai shiga kaina ba."

Kafinta ya fito, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Ya share kujera da rigarsa. Ya ce, "Baba, tana kama nono sosai? Cibiyar ta warke?" Na ce ta warke. Ya ce, "Ta fara bin mutum da ido?" Na ce ta fara.

Na zo da magana a bakina. Na zauna minti ashirin. Na tambaye shi ko katako ya yi tsada bana.

Ya raka ni har titi, ya tsayar mini da mota.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na rubuta wa Babba wasiƙa, shafi biyu, alhali yana kwance a ɗakin da ke kusa da ni. Na karanta, na ga kalmar "amma" sau bakwai. Na yage.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yarinya lafiya lau. Tsohuwa ta ɗora mini ita a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, ta tafi kicin. Ta yi nauyi. Ta dube ni ƙur, ba ta san komai ba.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Babba ya ce ranar Asabar zai kawo wani kafinta ya buɗe ɗakin ya duba, don ya samu abin da zai nuna wa dangin mijin Auta. Ya ce in ta warke ba za ta koma hawa na uku ba, zai tafi da ita da yarinyar garin da yake aiki.

Auta ta ce, "Yaya, aurena ne fa." Ya ce, "Auren da ya kusa kashe ki?"

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Na ce ban san inda na ajiye ba. Makullin yana cinyata ta dama, ina jin sanyinsa.

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Da safe Babba ya kai Auta da mahaifiyarta asibiti a sake duba kafaɗar. Suka bar mini Tsuntsuwa tana barci. Ko minti goma ba a yi ba aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Kafinta ne da jakarsa. Auta ta sanar da shi ta waya.

Ya fara zuwa ya tsaya a kan 'yarsa. Bai taɓa ta ba, wai hannunsa da ƙura. Kwana goma sha biyu. Na fita na ba su wuri.

Da ya fito ya ce, "Baba, ba ni makullin. Kafin Asabar."

Na buɗe. Tun ranar ban shiga ba. Fankar tana kan katifa, fiffike ɗaya a lanƙwashe. Fallaye uku a ƙasa. Raga ta yi ciki kamar tsohuwar tabarma. Maratayan nan shida suna lilo daga rafta, ƙusoshin sun zare tsaf, ko lanƙwasa ba su yi ba. Matashin yarinyar yana nan inda yake, da farin gari a kansa.

Bai ce na gaya maka ba. Ya ɗauko wani katako daga ƙasa ya juya shi. Ashe na manta. Kowane katako da na yanka sai da na rubuta a jikinsa da fensir, da manyan baƙaƙe yadda Malama ta koya mana a ajin yamma: GABAS NA ƊAYA. GABAS NA BIYU. TSAKIYA, WURIN FANKA.

Ya ce, "Duk wanda ya shigo zai san ba kafinta ya yi wannan ba, mu alama kawai muke ja. Yaya kuma ya san rubutunka." Ya zaro abin fere katako daga jaka. Ya ce, "Awa ɗaya na goge su duka. Ni yaro ne, Baba, suna zai dawo. Kai in ya zube a layin nan, a ina za ka zauna?"

Ya ɗora katakon a gwiwa ya ja sau ɗaya. GABAS ta tafi, ta nannaɗe ta faɗi ƙasa. Ina tsaye ina kallo. Zan faɗi gaskiya tun da littafina ne: na ji daɗi. Na ji wani sanyi ya sauko mini har ƙafa. Ya ja na biyu.

Sai yarinyar ta farka ta fara kuka a ɗaki, ya ɗaga kai da sauri, ya dubi ƙofa, ya dubi agogonsa. Yana lissafin minti nawa suka rage masa ya ga 'yarsa kafin ya gudu ta ƙofar baya kamar ɓarawo.

Na ce, "Ajiye."

Ya ce, "Baba, saura kaɗan ai."

Na ce, "Ajiye, ɗana. Je ka wanke hannu ka ɗauki 'yarka. Ka zauna a falo, a kujerata. Ba inda za ka."

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Da suka dawo Babba ya gan shi a falo da yarinya a kafaɗa. Kafin ya buɗe baki na kama hannunsa, kamar lokacin da nake kai shi makaranta, na ja shi ɗakin baya. Na ba shi katakon da aka rubuta TSAKIYA, WURIN FANKA.

Ya karanta. Ya sake karantawa.

Na ce ni na yi, daga ƙusar farko har ta ƙarshe. Na ce an gaya mini abu uku, na saɓa duka ukun. Na ce na ga tsaga na shafe ta da fenti. Wannan ko Tsohuwa ba ta sani ba, na ji ta ja numfashi a bayana. Ban ce amma ba ko sau ɗaya.

Na zaci zai yi faɗa kan tsani. Bai ko ambaci tsani ba. Ya ce, "Baba, kana tsaye na ce masa makashi. Kana tsaye." Muryarsa ta koma ta yaro. Ya ce, "Ka bar ni na yi wannan a gaban mutane."

Na ce na bar ka.

Ya fita. Na ji shi a falo, na ji Kafinta yana cewa, "Haba Yaya, tashi, tashi don Allah, yarinya za ta faɗi." Ban je na gani ba. Ba rabona ba ne.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Babba ya gaishe ni. A taƙaice, amma ya gaishe ni. Kafinta a nan ya karya.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kafinta ya ce gobe zai sauke komai ya fara sabo. Na ce sai jibi. A cikin gida an wanke shi, amma a layi har yanzu shi ne mai ha'inci, kuma ba a cikin gida ake ba shi aiki ba. Ya ce ba sai an kai ga haka ba. Tsohuwa ta ce, "Bar shi, ɗana. Ya daɗe yana son a yaba masa aikinsa."

Da safe na je makarantar, na jira shugabar awa ɗaya a benci tare da iyayen yara. Na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Baba, kai da kanka?" Na ce ni da kaina. Ba ta yi alkawari ba, amma ta rubuta kwatancen gidan. Na biya wurin mai walda. Na tsaya a gaban Mai Shago, da mutane a wurin, na faɗa da ƙarfi don kada ya sha wahalar kaiwa. Ya ce, "Kai Direba, ashe kai ne!" Na ce ashe ni ne. Kunnuwana har yanzu zafi suke.

Ɗazu Auta ta ɗora mini Tsuntsuwa da hannunta mai lafiya. Yarinyar ta dube ni, ta yi dariya. Dariya sosai, da dasashi a waje. Tsohuwa ta ce iska ce a cikinta. Ƙarya take, ni aka yi wa.

Na samu kwali na rubuta da ragowar fenti, na ɗaure a ƙofar gida. Ga abin da ke jiki:

Jama'ar layi da masu wucewa, gobe Asabar daga ƙarfe tara ɗakin baya a buɗe yake. Silin da ya faɗo ni mai gidan nan na yi shi, ba surukina ba. Ya gaya mini yadda ake yi na ƙi ji. Rubutuna yana jikin katako, ƙusoshin suna nan yadda suka zare. Wanda ya faɗi magana a kansa ya zo ya gani da idonsa. Wanda bai faɗa ba shi ma ya zo. In kun gama da ɗakin baya ku biyo ta falo, ku wanke hannu, akwai jikata, ta fara dariya. Ku zo duka ku gani.